Akwatuna arba'in da ɗaya da Baba ya ƙi taɓawa

Malama Fumiyo,

Jiya Litinin ɗan gidan waya ya kawo akwatin wuƙa na arba'in da ɗaya, kuma har yanzu Baba bai taɓa ko guda ba. Don Allah ki taimake ni, don ni na jawo.

Shagonmu na washin wuƙa ne, a wani lungu a garin Sanjo. Kakana ya buɗe shi, Baba ya gada, yanzu shekarunsa saba'in da takwas. Muna da shafin intanet tun shekara tara da suka wuce, amma ba komai a ciki sai hoton ƙofa da gaisuwar ladabi, don a wajen Baba yabon kai abin kunya ne. Ko sunan shagon aka rubuta a injin bincike, sai an sha gungurawa kafin a same mu. Masu sayar da kifin da suka riƙe mu kuma suna ta rufewa. Akwai makon da wuƙa huɗu kacal aka kawo.

Bara da damina na karanta cewa injin ba mai cika baki yake nema ba, wanda ya amsa tambayar mutane yake ɗagawa. To, tambayoyi kam tun ina yarinya nake jin su a bakin kantar shagonmu. Me ya sa wuƙa take tsatsa a wuri ɗaya? Bakin da ya gutsure yana gyaruwa? Bahago zai iya aiki da wuƙar ubansa? Kowace tambaya na ba ta shafinta, na rubuta amsar yadda Baba yake faɗa, na sa hoto da adireshi.

Wata uku shiru. Sai wata safiya na rubuta "gyaran tsohuwar wuƙa", na ga sunanmu a sama, manyan shagunan Tokyo a ƙasa. Lungun da ko tasi ba ta shiga! Wata mata a Kagoshima ta aiko da wuƙar marigayiya mahaifiyarta, naɗe a tawul, da wasiƙa shafi biyu. Wani masunci a Hokkaido ya aiko da uku. Mutum yana tsaye a madafarsa can ƙarshen ƙasa, ya yi tambaya, wani abu da ba ya gani ba ya ji ya nuna masa ƙofarmu.

Abu ɗaya ban rubuta ba, don ban taɓa ɗaukarsa abin rubutawa ba. Baba ba ya wasa wuƙa sai ya ga hannun mai ita. Albasa yake ajiye wa mutum a kan katako ya ce yanka. Ya kalli riƙonsa, ya ga inda yake dannawa, sannan ya san irin bakin da zai fitar. Duk unguwa an san haka.

Da na nuna masa akwatunan ya ce, "Ke, wa ya gaya miki ƙarfe nake wa aiki? Hannu nake wa aiki. Ina hannuwan?"

Inna Tokie mai kifi tana wurin, ta ce, "Kai Shozo, farin jini a tsufa! Mata na aiko maka wasiƙa har daga Kagoshima, ko ɗan murmushi?"

Ya ce, "Ke fara koyon riƙe wuƙarki. Shekara arba'in kina yanka kamar mai faskare."

Aka yi dariya, amma da ta tafi ya ce in goge shafin kafin ƙarshen wata, in mayar wa kowa kayansa.

In na goge, ban ga alamar shagon zai kai baɗi ba. In na bari, na saɓa masa. Kuma ga abin da nake jin nauyin faɗa: na ɗan iya washi, zuciyata tana ce mini in yi su a ɓoye in aika da sunansa. Ya zan yi?

'Yar mai washi, Sanjo

'Yar mai washi,

Na fara da na ƙarshen: kada ki wasa ko guda da sunan Babanki. Matar Kagoshima hannunsa ta nema. In ta gane, kin rasa ta. In shi ya gane, kin rasa abin da ya fi shago.

Sannan ki daina zargin kanki. Abin da kika yi, kamfanoni suna ɗaukar ma'aikata musamman don shi, su kasa. Kin saurari tambayoyin mutane shekara da shekaru, kika rubuta amsar gaskiya, kika jira. Na daɗe ina karanta wasiƙun masu ƙananan sana'a, kuma har yanzu abin yana ba ni mamaki: ilimin da yake kwance a lungu tun zamanin kakanki ya kai ƙarshen ƙasa cikin wata uku.

Amma Babanki ma yana da gaskiya. Injin bincike abin da aka rubuta kawai yake sani. Kin gaya masa kuna gyaran wuƙa, ba ki gaya masa sharaɗin ba, ya turo miki ƙarfe babu hannu. Kuma tsoho ya wayi gari an ɗaukar masa alkawari arba'in ba da saninsa ba.

Don haka gyara shafin ya kamata, ba gogewa ba. Yau ɗin nan ki sa sharaɗin a saman kowane shafi, a layin farko: ba a karɓar wuƙa ta gidan waya sai an yi magana. Ki rubuta sabon shafi a kan albasar nan da dalilinta, ki karanta masa kafin ki saki, ya gyara abin da bai yi masa ba. Wataƙila masu zuwa su ragu. Waɗanda suka rage su ne za su hau jirgin ƙasa su zo da hannunsu. Masu akwatunan kuma ki rubuta wa kowa, ki faɗi kuskurenki, ki ba shi zaɓi: ya zo, ko a mayar masa.

Akwai hanya ta uku, kuma Baba ne kaɗai zai yanke hukunci a kanta. Ki roƙi matar Kagoshima ta ɗauki bidiyon hannunta tana yanka albasa, minti ɗaya. Ki ajiye masa wayar kusa da dutsen washi, kada ki ce komai. In ya ture, magana ta ƙare, ki girmama hakan.

Ina yi muku fatan alheri, ke da shi.

Ban san ko hannu yana karantuwa a bidiyo ba. Na tambayi wani tsohon mai washi a nan Nagoya, ya ce zai gwada da hannun matarsa ya kira ni. Har aka kai wannan shafi na jarida wajen bugawa bai kira ba.

Fumiyo Nagase