Na Je Haƙar Ganet Ni Kaɗai

Zuwa ga Marlys, sanyin idona, inuwar da nake fakewa, hasken da ke rigan rana shiga ɗakina,

Jiya na je Rafin Emerald ni kaɗai, ranar ƙarshe kafin ma'aikatan gandun daji su rufe wurin haƙar dutsen ganet sai baɗi. Na cika bokiti da ƙasa, na tankaɗe, na kai bakin kwararon ruwa ina wankewa. Sanyi ya kashe mini yatsu, amma ba shi ya zaunar da ni a kan kututture na kasa tashi ba. Waiwayawa na yi in nuna miki abin da na samu, babu ke!

Kin tuna ranar da muka haɗu a wurin? Kina cikin takalman robar babanki, laka har gwiwa. Kika ga ina watsar da wasu baƙaƙen tsakuwoyi, kika riƙe mini hannu kika ce, "Bawan Allah, wanki ka zo yi? Abin da kake zubarwa ai shi muka zo nema!" Kika ɗaga ɗaya saitin rana, sai ga ja kamar ƙwayar rumman. Ni kuwa fuskarki nake kallo, kuma ban daina ba har furfura ta rufe mu.

Yanzu likita ya ce sai an yi wa zuciyarki aiki, kin ƙi. Kin ce mini, "Wendell, na gaji, a bar ni in huta." Don kada kuka ya ci ƙarfina a gabanki, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ke ruwan sanyina a tsakiyar rani, wa zai yi mini dariya in na tsinci dutsen banza ina murna? Wa zan zuba wa kofi a murfin fulas? Yaya zan yi da safiyar da babu muryarki a cikinta?

Na san tsoro kike ji. Ni ma haka. Ba zan yi miki alkawarin za ki tashi lafiya ba, wannan ba a hannuna yake ba. Amma ina bakin ƙofar ɗakin aikin har a fito da ke. In tafiya ta gagare ki baɗi, ni zan turo ki a keken marasa lafiya har bakin ruwan, ki zauna ki yi ta yi mini tsiya.

Ki yarda, Marlys, don Allah ki yarda! In kuma kin tsaya a kan a'a, ba zan ƙara roƙo ba. Zan jawo kujera kusa da gadonki in zauna, ba inda za ni.

Naki, yau da duk abin da ya rage mana,
Wendell