Marsiyyar da Ka Yi wa Baba Yana Raye

Lamisula, Maiduguri

Zuwa ga ƙanena Taufiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Rahmat. Allah Ya ƙara muku zaman lafiya a can Malesiya, Ya tsare ku, Ya sa albarka a abin da kuke nema. Mu nan alhamdu lillahi. Inno tana nan da ƙarfinta, sai ƙorafin gwiwa. Zafi ya sauko sosai, da azahar ko kaza ba ta yawo a layinmu. Baba kuwa yana nan yadda ka sani. Ran da aka kai shi wankin ƙoda sai ya wuni a kwance, washegari ya tashi da faɗa. Mu yanzu faɗan nan muke jira, don shi ne alamar ya ji sauƙi.

Da hannu na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in tura maka, domin in ta waya ne katse ni za ka yi ta yi, na san halinka. Maganar rubutun nan ce da ka turo mini a kan Baba. Ka ce mujallar ƙungiyarku ta 'yan Najeriya mazauna can tana son kowa ya faɗi rukunin da aikinsa ya faɗa, ko tarihin rayuwa, ko ƙagaggen labari, ko maƙala, kai kuma ka rasa inda za ka sa naka. Ka ce tunda ni malamar Hausa ce in raba maka gardama. To, ka tambayi malama, sai ka haƙura da tsawon darasi.

Rubutun ya yi kyau, wallahi, ban san kana da wannan hannun ba. A ɗakin malamai na fara karanta shi, ban kai rabi ba hawaye suka zubo mini. Malama Peace, abokiyar aikina mai koyar da lissafi, ta matso ta tambaye ni lafiya, sai na karanta mata wajen da ka ce duk wanda ya san Alhaji Maikuɗi mai turare ba zai manta da murmushinsa ba. Baiwar Allah nan ta dafa ƙirji, ta riƙe hannuna, tana tambayata yaushe aka yi rasuwar ba ta ji ba. Na ce mata Baba na gida, na bar shi yana rigima da Inno a kan gishirin da likita ya hana shi. Muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta sauka cikina ba. Tun daga nan na fara zargin inda matsalar take.

Na san ka ce kada in nuna masa. Ban nuna ba, Inno na gaya wa, ka kuwa san Inno da Baba ba a ɓoye wa ɗaya abin da ɗaya ya sani. Bayan la'asar ya sa aka fito masa da tabarma zaure, amininsa Ba Umara ya taho daga Shehuri kamar kullum, aka kira ni aka ce in karanta. Da na zo inda ka ce bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, Ba Umara ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Baba ya ce shi dai yana son a haɗa shi da wannan bawan Allah, ko zai koyi hali a wajensa. Da na zo inda ka ce ya karɓi asarar ambaliyar nan da murmushi, sai ya gyara zama. Ya ce shi ya tuna ya zauna a ƙofar rumfarsa cikin taɓo yana kuka kamar yaro, har Ba Umara ya rufe shi da babbar rigarsa kada 'yan kasuwa su gani. Ya ce ina Taufiq ya samo murmushi.

Sai na iso wajen tafiyarka. Ka rubuta cewa ya raka ka har tasha, ya danƙa maka kwalbar turare a hannu, ya sa maka albarka. Taufiq, ni da kai mun san ba haka aka yi ba. Ka ce masa ba za ka ƙare rayuwarka a rumfa kana ƙamshin kayan mutane ba, shi kuma ya ce ka tafi, ƙofa a buɗe take. Ran tafiyar bai fito daga ɗaki ba. Kwalbar kuwa a cikin jakarka ka tsince ta, Inno ce ta saka. Tun daga nan gaisuwar Sallah kawai ke haɗa ku, ita ma a taƙaice. Da na gama karantawa na ajiye rubutun. Can sai Baba ya ce, a hankali, yaron nan ya yi masa wanka, ya sa masa likkafani, saura salla. Bai faɗa da fushi ba, da ma da fushin ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

To ga amsar tambayarka. Rubutunka ba tarihin rayuwa ba ne. Mai rubuta tarihi dole ya je ya zauna gaban mutum ya tambaye shi, ya ji abin da ba ya son ji, ya rubuta har da shi. Kai ba ka tambayi kowa ba, kewa ce ta ba ka labari. Ba kuma ƙagaggen labari ba ne, ko da yake akwai ƙage a ciki. Ƙagaggen labari yana da alkawari tsakaninsa da mai karatu, kowa ya san ƙirƙira ce, ba wanda aka ruɗa. Kai kuwa ka sa sunan Baba, da sunan layinmu, har da sunan Inno, duk wanda ya karanta zai ɗauka haka aka yi. Maƙala kuma ra'ayi take ɗauka ta kafa masa hujja, naka ba ya gardama da kowa. Ina yawan gaya wa ɗalibaina su bar duba tsawo ko gajarta, su tambayi kansu abu biyu: wa nake yi wa magana, kuma me na yi masa alkawari? Da na yi wa rubutunka wannan tambaya sai na ga da duniya kake magana a kan Baba, ba da Baba ba.

Abin da ka rubuta marsiyya ce, duk da cewa ba a waƙe take ba. A marsiyya ne ake share wa mutum laifinsa, a bar alherinsa kawai, kuma hakan daidai ne, domin wanda ake yi wa ba zai tashi ya ce a gyara ba. Ban ga laifinka ba. Ka ji labarin ƙodar nan kana nesa, tsoro ya kama ka, sai ka zauna ka shirya tsakaninka da shi a takarda, inda ba zai iya mayar maka da magana ba. Na fahimta, ni ma tsoron nake ji, kullum da shi nake kwana. Amma mutumin yana nan, bakinsa kuma garau yake.

Saboda haka kada ka ba mujallar nan komai tukuna. Rukunin da ya dace da abin da ke cikin zuciyarka ba ya cikin ukun da suka ba ka. Wasiƙa ce. Ita kaɗai ce rubutun da ba ya cika sai an amsa. Ka rubuta masa, ba sai ta yi daɗin karatu ba. In kana da sauran fushi ka sa a ciki, in haƙuri za ka ba shi ka ba shi, ni zan karanta masa ba tare da na rage ko harafi ba. In kuma daga baya kana son tarihin, shi ma ta nan zai fara. Amma kada ka ja lokaci. Likita bai ce mana komai ba, sai dai ni ina da ido, ya rame har zoben azurfar nan nasa yanzu a babban yatsa yake sa shi.

Inno tana gaishe ka, ta ce a gaya wa Rahmat daddawar da ta aika kada ta sa a firji. Maigidana Mahmud yana gaisuwa, haka yaranmu Ammatullahi da Mu'mina, sun ce Kawu ya manta da su. Ba Umara ya ce in ka tashi rubuta nasa, ka sa cewa shi ma bai taɓa yin faɗa ba.

Saura saƙon Baba. Washegarin karatun ya kira ni, ya ce in adana rubutun da kyau, ranarsa tana zuwa, kuma ran nan ya yarda a karanta shi yadda yake. Sannan ya ce abu ɗaya ka kusa dacewa ba ka sani ba. Turaren nan shi ya haɗa shi da hannunsa, shi ya ba Inno ta saka maka, ya kuma hana ta faɗa. Na tambaye shi me ya hana shi fitowa ran nan, ya ce ai ba ni ce na tafi ba, wanda ya tafi shi zai tambaya. Har na kai ƙofa ya sake kirana, yana kallon bango, ya ce in tambaye ka ko turaren ya ƙare, don in ya ƙare, hannunsa bai fara rawa ba tukuna.

Yau da safe ya tambaye ni ko ka amsa. Na ce masa ban ma aika ba.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka Khairunnisa