Ina Raba Maganin Ƙodata Biyu da Reza

Malama, ki taimake ni, dabara ta ƙare mini.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ilimin halittu. Yaran da na zana wa ƙoda a allo su ne likitocin yau, kuma babu mai minti biyu na sauraron tsoho. A bar wannan.

Bara 'yata ta fari ta ba ni ƙodarta ɗaya. Tun daga nan nake shan magani mai danne garkuwar jiki, don kada jikina ya kori baƙuwar. Jikokina uku suna gidan, amma da ɗaya ya yi atishawa sai a ja mini ƙofa. Ta taga suke gaishe ni, kamar fursuna. Sau uku aka yi mini allurar rigakafi, aka gwada jini, aka ce babu ko alamar kariya, maganin ya hana jikina haɗa ta. Likitan yana latsa wayarsa ya faɗa mini.

Sai na yi lissafina na tsohon malami: in na sassauta maganin, allura ta huɗu za ta kama. Kwana tara ke nan ina raba ƙwayar biyu da reza, ina ɓoye rabin a gidan tabarau, saboda 'yata tana duba kwalin. Yau ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsari ya ragu. Da wane baki zan gaya mata? Har yanzu sai ta dafe kwiɓinta in za ta sunkuya.

Tsohon Malami

Baba, ka tafi asibitin da aka yi maka dashen yau, ba gobe ba. Ka riƙe gidan tabarau ɗin, ka faɗi kwanakin daidai.

Rabin lissafinka gaskiya ne: maganin yana raunana amsar jiki ga rigakafi. Amma garkuwar da ka kwance ba ta san 'yarka ba, za ta iya far wa ƙodar. In an zo da wuri, sau da yawa ana shawo kan abin.

Kaɗaicinka ma ciwo ne, kuma ba a kyauta maka da aka amsa maka a tsaitsaye ba. Ka tambaye su ko akwai ƙarin allura, da yi wa mutanen gida rigakafi, da yadda za ka riƙa zama da jikoki a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa. Sauya magani kuwa aikinsu ne.

'Yarka za ta yi fushi, wataƙila har da kuka. Bar ta ta yi a hanyar asibiti, tana zaune kusa da kai.

Allah ya ba ka lafiya, Baba, ya bar maka kyautar da ta yi maka.