Allon da Ya Rage Kusurwa Ɗaya

Yau Laraba. Tari ya ɗan lafa, na sha rabin kofin shayi, ƙafar hagu tana nan da kumburinta. Hannun dama ne ya ƙara rawa. Likita ya ce ba zai koma yadda yake ba, na yi masa godiya.

Ya uwar 'ya'yana, hasken wannan ɗaki, inuwar da matafiyi ke tararwa bai nema ba, ƙamshin ƙasa a ruwan farko! Ina gaishe ki. Yaya ƙugun naki? Tun da kika faɗi, babbar 'yarmu ta ɗauke ki zuwa gidanta saboda matakalarmu, ɗakin aikina ya yi faɗi. Ta ce yau mijinta zai kawo ki bayan azahar, su riƙe ki ki hau. Na san zai tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, shi ya sa nake rubuta abin da ba zan faɗa a gaban suruki ba.

Kin san yadda nake aiki, amma bari in faɗa, takarda ba ta gajiya da ni. Ban taɓa sassaƙa allo ba sai da waƙa. Ni ke tsara baitoci, ke ki sa musu kari kina wanke kwanuka, don kin ce muryata kamar ana jan tebur a kan siminti. Inda kika ja murya, wuƙata ta ja dogon layi a katako. Inda kika yanke, in yanke. Amshi kuwa shi ne ƙananan saran da nake cika gefe da su. Masu sayen hotunan suna yaba tsuntsaye da ganyaye, ba su san numfashinki suke ratayewa a bango ba.

Kin tuna hotonki na farko? Ina saurayi, ina ji da kaina, na manta cewa abin da ke dama a allo hagu yake fitowa a takarda. Na shafa tawada, na ɗora takarda, na goge bayanta da cokali, na ɗaga a gabanki da alfahari. Tabon kumatunki ya koma ɗaya gefen. Kika duba, kika ce, "Malam mai baƙin farce, wannan baiwar Allah kyakkyawa ce, amma ban san ta ba." Wane tauraro ne ya taɓa yi wa mutum dariya irin wannan? Wace kurciya ce ta taɓa kunyata maharbi haka, ya koma gida yana murna?

Ga abin da ake ciki. Akwai allo a kan tebur, na waƙar nan ta tsuntsun da ya yi sheƙa a tagarmu. Na sassaƙa kusan duka kafin ki tafi. Saura kusurwar ƙasa, wurin baitin ƙarshe. Kalmomin suna nan a kaina, karin ne ya ɓace. Na gwada da safe, na gwada da yamma, sai karin wata waƙa ya shigo, wuƙar ta tsaya. Na roƙi 'yarmu ta kara miki waya, kika fara, sai jikoki suka yi ta ihu, ke kuma kika ce ba kya waƙa cikin ƙarfe. Ban yi musu ba. Da ma ni ma sai ina ganin kafaɗarki tana motsi nake gane inda layi zai lanƙwasa.

Ba kuka nake miki ba, lissafin mai sana'a ne kawai: hannun nan bai fi allo ɗaya ya rage masa ba. Ki zo, ya sanyin idona, ya rafin da bai taɓa ƙafewa da rani ba! Ba sai kin daɗe ba. Ki zauna a kujerarki, na sa mata matashi. Ki rera baitin sau biyu, ko da muryar ta dushe, ni na san hanyarta. In kin ga dama ki zage ni a kan ƙurar da ke kan kabad.

Ni naki ne tun ina da baƙin gashi, naki ne yau da farcen kawai ya rage baƙi, kuma naki ne har ranar da za a wanke mini shi a karo na ƙarshe.

Mijinki.

Ƙari: La'asar ta wuce, rana ta bar taga. Ba ki zo ba, ba a kuma aiko ba. Wataƙila motar ce, wataƙila ƙugun. Na shafa wa allon tawada yadda yake, na buga guda ɗaya. Inda wuƙa ba ta taɓa ba, baƙi ƙirin yake fitowa. Tsuntsun ya yi kyau. Na shanya shi a igiya, kusurwar tana kallon ƙofa.