Saƙon da Ba Shi da Ƙugiya

Litinin, 3 ga Maris

Sistar ɗakin tsarin iyali ta sake turo saƙo, na uku ke nan: "Anti, ki zo gwajin kashi kafin allurarki ta gaba." Cikina lafiya lau. Me ya haɗa allurar wata uku-uku da bayan gida? Zan je dai don ta shafa mini lafiya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je da 'yar kwalbata, naɗe cikin leda biyu, can ƙasan jaka. Na miƙa. Sista ta leƙa, ta dube ni, ta zube kan kujera tana dariya har da hawaye.

"Anti, ƙashi! Ƙashin jikinki! Wayata ce ba ta da ƙugiya."

Ni da na shekara goma sha tara ina bin 'yan aji uku da jan biro a kan k da ƙ. Wata shida na ɓata.

Ta ce tun ranar da na ba ta labarin karyewar ƙugun Inna, mahaifiyata, abin ke ranta, ga shi na haura arba'in, ga shekara tara a kan allurar. Tara ɗin daidai ne. Tun haihuwar auta, da jini ya kusa tafiya da ni, aka ce kada in sake ɗaukar ciki. Ban taɓa tsallake ko sau ɗaya ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Gado mai sanyi, hannun na'ura yana bi ta kaina a hankali. Minti goma, ba zafi.

Laraba, 19 ga Maris

Sakamako ya fito. Likita ya ce ƙashin ya fara yin sakayau, a ƙugu da gadon baya. Wai allurar tana rage sinadarin mata da ke riƙe ƙarfin ƙashi. Yawanci in an daina yakan farfaɗo, amma ni shekaruna sun matso, lokacin ba shi da yawa. Na tambaya ko allurar ce kaɗai. Ya ce ba zai rantse ba, abin ana gadonsa.

Madara, tafiya a ƙasa, shan rana, ƙwaya ɗaya kullum. A canza zuwa robar mahaifa. A daina ɗaga nauyi a sunkuye.

Na ce to. Ban gaya masa sau huɗu nake ɗaga Inna a yini ba.

Asabar, 22 ga Maris

Gado zuwa kujera, kujera zuwa banɗaki, da dawowa. Shekara uku ke nan. Ƙanwata ta sha cewa za ta riƙa zuwa tana kama mini, nakan ce hannunta bai san Inna ba. Gaskiyar ita ce ina son a ce ni ce.

Yau Inna ta ce, "Ke ma kin fara nishi irin nawa." Na ce takalmin ne ke santsi.

Talata, 25 ga Maris

Baban yara ya ce in yi abin da ya fi mini, yana bayana. Sauƙin faɗa. Ba shi ya kwana uku ana ƙara masa jinin mutane ba. Allurar na sani, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Robar ban santa ba, kuma tsoro nake ji.

Alhamis, 27 ga Maris

In bayan nan nawa ya tafi, mu biyu ke nan a kwance, ni da Inna.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ranar allura. Sista ta ɗauko, ba ta fasa ledar ba, ta tsaya. "Anti?"

Na ce ta mayar. An sa robar. Ciwon mara kaɗan, na koma makaranta na karɓi darasin ƙarshe.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ƙanwata ta zo da hantsi. Ba wai kiranta na yi ba, saƙo kawai na tura cewa ina gida.

Da muka tsaya a kanta mu biyu, Inna ta ce, "Yau kuma taron dangi? Ƙiba na yi?" Na ce e, kin yi. Ta daɗe tana kallona. Ban gaya mata komai ba, baban yara ma ya ce bai gaya mata ba.

Sai ta juya wajen ƙanwata. "Ke, zo ta nan wajen nauyin. Bar wa yayarki ƙafafu."

Na kama ƙafafun.