Naman Tsallake Ya Fi Araha

Shawnee, Kansas
9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Doreen,

Gaisuwa mai yawa tare da begen ganinki. Ina fata kina lafiya, ƙugun da aka yi wa aiki kuma ya fara sakin ki. Yaya Harold da hawan jininsa? Mu nan sai godiya. Na ɗauki biro ne don na san waya ba ta yi miki daɗi tun da kunnen nan ya yi nauyi, abin da zan faɗa kuwa ba na ɗaga murya ba ne, ga Vernon zaune a falo.

Bayan haka, an tsayar da bikin Corinne ƙarshen Yuni, a filin bayan gidanmu. Vernon ya rantse ba mai gasa naman bikin 'yarsa sai shi, har ya wanke gangar bandarsa ya shafe ta da mai. Wannan bai dame ni ba.

Kin san Tillman, kantin sarin nan na masu kati da muke biya wa kuɗin shekara tun Corinne tana firamare. To, kwanan baya sai ga mijina ya shigo da wani sabon kati, da hotonsa a jiki yana murmushi. Wai ya shiga Braddock, irin kantin ne, amma can tsallaken iyaka a Missouri. Yaya, mutumin da ke kashe min fitila in na fita ɗauko tabarau, shi ne yau yake biyan kuɗin kati biyu.

Da na tambaye shi sai ya zaunar da ni ya yi min karatu. Wai naman ƙirjin saniya ya fi araha a can kowace laba, kitse kuma ya ratsa shi yadda ake so. Wai haƙarƙarinsu ya fi tsoka, kofinsu ya fi ƙamshi. Ya yarda Tillman ta fi su a gasasshiyar kaza da sabulun wanki da fetur, amma nama na mutum ɗari ba wasa ba ne. Na ce, "Fetur ɗin da za ka ƙona zuwa Missouri ai ya cinye ribar." Ya ce, "Uwargida, ke dai ki ci nama, ki bar min lissafi."

Da a nan ta tsaya da na yi shiru. Amma kullum ranar Talata da yamma yake tafiya, shi kaɗai, ya yi aski, ya daɗe, ya dawo da abin da bai cika jaka ɗaya ba. In na ce zan bi shi sai ya tuna min da ciwon gwiwata, gwiwar da bai taɓa tambaya ba in ina hawa bene da kwandon wanki. Kuma sunan wata Rhonda mai raba ɗanɗanon tsiran alade ya fara yawa a bakinsa.

Kada ki yi dariya. Ruwa ba ya tsami banza. Ki rubuto min abin da kika gani.

Ki gai da Harold.

Ƙanwarki,
Glenda

Shawnee
14 ga Afrilu

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi yana ƙaruwa. Takardarki ta iso, na kuma ji daɗin jin kin fara takawa ba sanda. Na ce kada ki yi dariya, kika cika shafi guda da ita. Wai wa zai ɗauki Vernon da tumbinsa da minsharinsa. To, kin yi gaskiya, sai dai da ma maganar macen ce.

Ranar Asabar na riga shi shiga mota na ɗaura bel, ba yadda zai yi. Na ga Rhonda. Ta girme ki, Yaya, gashinta cikin raga, tana kiran kowa "ɗana". Ni ma sai da ta ba ni ɗanɗano biyu. Naman kuwa ba ƙarya, ja wur, na ɗaga na juya ban sami abin kushewa ba. Har na fara jin kunyar kaina.

Sai na lura da yadda yake tura keken kaya. Daga wajen kofi zuwa wajen nama hanya ce miƙaƙƙiya, amma ya yi kwana ya bi ta wajen tayoyi da abincin karnuka. Mutum ba ya kewaye rami haka sai ya san inda yake. Na ce na manta da sukari, na koma ta miƙaƙƙiyar. Kwalabe ne, Yaya, daga ƙasa har sama da kaina, manya masu mariƙi. Na manta sam cewa a Missouri ana sayar da barasa mai ƙarfi a cikin kantin abinci. Mu a nan Tillman giyar gwangwani kawai ke akwai, wadda Vernon ko a da can ba ya kallo.

Muka dawo gida. Washegari iyayen ango suka zo cin abinci. Stan, uban yaron, mutum ne mai son raha, ya ce a danginsu ba a biki da maƙogwaro a bushe, ya tambaya ina za a sayo abin sha. Kafin in buɗe baki Vernon ya amsa. Ya faɗi farashin wuski iri-iri, wanne ne babbar kwalba ta fi riba, wanne ne na kantin da kansa wanda ya yi daidai da mai tsada. Stan ya buga tebur ya ce, "Kai suruki, wai ba ka sha, amma ka fi mai shagon sani." Kowa ya yi dariya. Corinne ba ta yi ba, ta dube ni.

Ke kin san abin da na gani. Ke kika ba mu ɗaki ni da yarinyar nan shekarar da ya jefa mota a rami ya rasa aikinsa. Yau kusan shekara goma bai kurɓa ba. Sai da nake wanke kwanuka na tuna cewa Talata da yamma lokacin taronsu ne na masu barin giya a ƙasan coci. Clyde ne yake zuwa ɗaukarsa, dattijon nan da ya riƙe shi tun ranar farko, Clyde kuwa mun binne shi a Janairu. Ni kuwa ban taɓa tambayar wa ke kai shi taron yanzu ba.

Na birkice gareji. Na duba bayan gwangwanayen fenti, cikin takalman farautarsa, ƙarƙashin tayar ajiya ta mota, duk tsoffin wuraren. Ban sami komai ba. Maimakon hankalina ya kwanta sai na ce ya ƙara wayo ne.

Ki sa mu a addu'a. Kada ki gaya wa Harold tukuna.

Taki,
Glenda

Shawnee
20 ga Mayu

Yaya Doreen,

Ina gaishe ki, ina kuma fata ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe min jinkirin amsa. Kin ce in tambaye shi kai tsaye. Na gwada sau da dama, maganar ta ƙi fita, domin in ya ce a'a ba zan yarda ba, in ya ce e ban san inda zan sa kaina ba.

Talatar da ta wuce na ari motar maƙwabciyarmu na bi shi. Da girmana da furfurata, ina laɓewa bayan manyan motoci a kan titi. Ya wuce kwanar coci ko birki bai taka ba. A ƙofar Braddock na nuna katin da ya yi min ranar da muka je tare, na shiga.

Ya fara da wajen nama, ya ɗauki ƙirji guda ya sa a keke. Daga nan ya miƙe zuwa wajen kwalabe, ba kwana ba kewaye. Na tsaya bayan tulin buhunan gawayi ina leƙe. Ya ɗauko wata ya karanta farashi ya mayar. Ya ɗauko wata, irin wadda yake sha a da, ya riƙe ta da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Mutane suna wucewa suna kauce masa. Na ce a raina, mayar, Vernon, mayar. Sai ya sunkuya ya tura ta ƙarƙashin naman.

Ban san lokacin da na fito ba. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta yi fari.

Ya ce, "Ta biki ce."

Na ce, "Kwalba ɗaya ga mutum ɗari? Lallai ka iya tattali."

Ya dubi hannunsa a kan keken. Can ya ce, "Wallahi ban taɓa saya ba, Glenda. Zuwa nake in duba in tafi."

Na ce, "In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Yau ga shi ka ɗauka."

Ya ce, "Na je taron sau ɗaya bayan Clyde. Wani yaro ne zaune a kujerarsa yana danna waya. Na kasa komawa. In Talata ta yi sai in rasa inda zan je."

Hannuna yana ƙaiƙayin in ciro kwalbar in mayar da kaina. Amma na zubar masa da kwalabe da yawa a da, ba wadda ta hana shi sayo wata. Na ce, "Ina mota. Abin da ka ga dama ka fito da shi." Na juya na fita.

Na tsaya jikin motarsa a rana. Ya daɗe. Da ya fito sai ya buɗe but, ya fara ciro kaya ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a gabana. Nama, kofi, cuku. Sannan ya karkata keken don in ga ba komai. Ya kwashe kayan ya zuba a but. Muka taho gida kowa a motarsa, ina bayansa.

Kin ga ya kamata in yi murna. Amma duk hanya ina tunanin daɗewar da ya yi. Me ya tsayar da shi? Layin biya ne, ko ya saya ya ajiye wani wuri, ko ya shiga banɗaki da ita? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban san ranar da zan daina gudun ba.

Ki rubuto min ko da layi biyu ne.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenda

Shawnee
6 ga Yuli

Yayata abin ƙauna,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Harold. Ina fata zafin nan bai takura muku ba. Mun yi kewarki ƙwarai, amma gara da likita ya hana ki doguwar tafiya. Bargon da kika saƙa ya iso, Corinne ta yi kuka da ta buɗe. Ga hotuna nan na haɗa miki.

An yi biki lafiya. Kwana biyu bayan abin da na ba ki labari, Vernon da kansa ya kira Stan ya gaya masa gaskiya, ya ce abin sha ya koma hannun Stan, a kuma ajiye teburin giyar can nesa wajen ƙofar shinge. Na zaci mutumin zai mayar da abin wasa. Sai ya ce ƙanensa ma ta wannan hanyar ya rasu, ba sai an ƙara bayani ba. Ranar bikin na ga Stan yana tare duk wanda ya nufi wajen gangar banda da kofin giya a hannu, yana ja masa hira zuwa wani gefe.

Vernon ya yini a bakin wuta da ruwan lemun tsami. Ni kuwa rabin idona yana kan amarya, rabi yana kan kofinsa. Da ya tafi rawa da 'yarsa na je na ɗanɗana. Lemun tsami ne, ko sukari bai ji ba. Naman ya yi laushi har da cokali ake yanka shi, ko ƙashi ba a bari ba. Dole in faɗi gaskiya, na Braddock ya fi, ya kuma fi araha, ko an cire kuɗin fetur.

Saboda haka ba mu bar kantin ba. Ni ke zuwa sayen nama sau ɗaya a wata, sauran cefane kuma Tillman kamar da. Vernon da kansa ya ce in kai shi ya cire sunansa. Yarinyar da ke teburin yin kati ta yi ta yi masa bayani cewa katin mutum na biyu kyauta ne, ba abin da zai rage. Ya ce, "'Yata, ni dai ya yi min tsada." Ya miƙa mata katinsa ta yanke da almakashi.

Ya koma taron Talata. Ni nake kai shi, shi ya roƙa. Ina ajiye shi a ƙofar coci in jira har ya sauka matakala, wani lokaci in zaga in dawo in ga ko ya fito. Bai taɓa fitowa kafin a tashi ba. Yaron nan mai danna waya ashe watansa bai kai biyu da bari ba, yanzu Vernon yake kira in abin ya taso masa.

Kin tambaye ni ko na yarda da shi yanzu. Ban sani ba, Yaya. Har yau ban san abin da ya tsayar da shi a kantin ranar nan ba, ban kuma tambaya ba. In ya dawo daga ko'ina yakan sumbace ni a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ni kuma sai in ja numfashi a hankali in ji warin bakinsa. Na zaci bai lura ba. Jiya da ya sunkuyo sai na ga bai ɗago da wuri ba. Ya tsaya, hannunsa a kafaɗata, har sai da na gama. Sannan ya ce, "Me aka dafa?" ya wuce ciki.

Allah ya ƙara miki sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Vernon yana gaishe ku.

Ni ce ƙanwarki,
Glenda