Sabon Gashin Mama Sirkka

Tampere, watan Maris

Zuwa ga Babana Reino,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Mama. Ya sanyi, ya kuma ƙarfin jikinta? Tun da ka rantse ba ka ɗaukar waya sai in gida ya kama da wuta, ga takarda. Ka sa tabarau ka karanta har ƙarshe, ban da tsallake.

Na ga hoton da maƙwabciyarku ta turo. Baba, gashi! A kan Mama! Ina cikin rage wa wata mata gashi a shago na ajiye almakashi, na shige bayi na sha kukana na ƙoshi. Tun da aka fara yi mata maganin ciwon daji kanta ya koma kamar ƙwai, ban sake ganinta ba hula ba. Yanzu ga shi ya tsiro fari sol, kamar na ɗan tsako.

To, ka saurare ni da kyau. Duk kwalaben sabulun wanke kai da ke gidan nan ka tattaro su. Ka juya bayan kowace, in ka ga kalmar da ta ƙare da "paraben", sai shara. Sinadari ne da ake zubawa don kada kaya su lalace. Na karanta ana zarginsa da kwaikwayon sinadaran jikin mace, wasu kuma yana sa musu ƙaiƙayi. Masana suna ta gardama, da yawa sun ce ɗan abin da ake sawa ba ya yin komai. Su je su yi ta yi. Ni dai ba a kan uwata za a gwada ba.

Ga wanda na haɗa mata da hannuna a cikin kwalin nan: ruwan hatsi, zuma, da ɗan man zaitun. Ba abin kanti ko ɗigo. A ajiye a wuri mai sanyi, in ya yi mako a zubar da saura, zan riƙa aiko sabo.

Ka gaishe mini da Mama, ka shafa mini kan nan a hankali.

'Yarka,
Outi

Puumala, watan Afrilu

Zuwa ga 'yata Outi, sarauniyar umarni,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso, mun gode. Muna lafiya, ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa, ni kuma gwiwata tana nan da halinta.

Na bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma. Masu rubutun nan ba sa tsoron Allah, ko tururuwa sai ta sa tabarau. Na zubar da abin da kika ce, har man da nake shafa wa takalmi na duba don kar ki zo ki kama ni da laifi.

Yanzu ni ne mai wankin kai. Sai in hura wutar ɗakin surace, ɗakin nan namu na wankan tururi, duwatsun murhu su yi zafi, in zaunar da ita a bencin ƙasa, in ɗebo haɗin naki da yatsa. Ran farko na sa hannu ke nan ta ce, "Reino, a hankali mana, kaina ne, ba kwale-kwalenka ba."

Na ce, "Kwale-kwalena ai bai taɓa yi mini tsiwa ba."

Ta ce, "Don bai zauna da kai a ɗaki ba ne."

Sai ta shinshina kwalbar, ta ce ƙamshin hannunki take ji. Outi, ban san gashi yana da laushi haka ba. Ina wankewa ina jin tsoron kar ya biyo yatsuna. Ranar Lahadi ta je coci kai a buɗe, ta zauna a sahun gaba, matan nan suna ta leƙe tana ta ɗaga wuya. Daɗi ya kama ni har na manta waƙar da ake yi.

Tun bayan maganin nan sanyi ba ya barinta, don haka na daina jiran Asabar, ranar da muka saba shiga surace, kusan kullum ina hura mata wutar. Kwalbarki tana wuri mai sanyi kamar yadda kika ce.

Ki ci abinci, kofi ba abinci ba ne.

Babanki,
Reino

Puumala, watan Mayu

Outi 'yata,

Ina gaishe ki. Wannan takardar uwarki ba ta san na rubuta ta ba, a rumfar ajiye itace nake zaune.

Ta mayar da hula. Na ce lafiya, ga rana ta fito? Ta ce iska ce. Amma ina ganinta tana tura yatsa ƙarƙashin hular tana susa in ta ɗauka ba na kallo. Jiya da na zo wanke mata na ga ƙuraje jajaye a ƙeya da bayan kunne, wasu har da ruwa. Na taɓa ta zabura.

Na ce, "Sirkka, zan gaya wa Outi."

Ta ce, "Ka gaya mata in gani. Yarinya tana tashi daga aiki ta tsaya dafa mini abu da hannunta, sai ka ce mata me? Zafin surace ne, zai wuce."

Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, itace da kifi na sani. Haka sabon gashi yake yi? Hankalina bai kwanta ba.

Ki huta lafiya.

Babanki

Tampere, watan Mayu

Baba,

Gaisuwa a gurguje. A'a, ba haka yake yi ba! Gobe-gobe ka kai ta wurin likita, ko tana so ko ba ta so, jikinta bai gama ƙarfi ba.

Kuma ka gaya mini gaskiya: ka ɓoye wata kwalbar kanti, ko? Na san ka, ba ka iya zubar da abin da bai ƙare ba. In wani mai paraben ɗin nan ya taɓa kanta, wallahi ni da kai ne. Nawa hatsi ne da zuma, abin da jariri zai iya sha, ba yadda za a yi ya cuce ta.

Wani abu kuma: ina kwalabena? Ko ɗaya ba ku dawo mini da ita ba, har na fara zubawa a ta jam ɗin shafa wa burodi.

Ka rubuto da zarar kun fito.

Outi

Puumala, watan Yuni

'Yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Mun je. Likitar ta duba kan, ta ce me ake wanke shi da shi? Na ciro kwalbar daga aljihun kwat. Tana buɗewa ta kau da fuska. Ni kuwa hancina ya daɗe da yin ritaya, uwarki kuma tun maganin nan ba ta bambance ƙamshi da wari yadda ya kamata.

Ba wani na kanti, Outi. Naki ne kaɗai.

Wuri mai sanyin da na zaɓa kantar ɗakin surace ce. A ganina inda ake wanke kai nan sabulu yake zama, haka na taso na gani, kuma in ba wuta ɗakin ya fi firji sanyi. Ban yi tunanin kullum nake hura wutar ba. Uwarki kuma ashe ba ta taɓa zubar da ko cokali ba. Duk wanda kika aiko sai ta juye a kan na da, cikin babbar kwalba guda, ta ɗauraye ƙaramar da ruwan tafkin da ke bokiti ta ƙara a ciki. Ƙananan kwalaben suna jere a tagar ɗakinta, ta wanke su tas.

Na ce, "Haba Sirkka, ba ta ce a zubar ba?"

Ta ce, "Abin da 'yata ta yi mini zan zuba a rariya? Kai ka zuba."

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce duk abin da ke da ruwa da hatsi, in ba a sa masa abin tsarewa ba, abincin ƙwayoyin cuta ne, balle a ɗumi. Na tambaye ta batun paraben ɗin naki. Ta ce akwai waɗanda fatarsu ba ta shiri da shi, ba su da yawa, kuma wanda hankalinsa bai kwanta da shi ba akwai sabulai masu wani abin tsarewar dabam. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a ce babu ko ɗaya. Ta ba mu wani mara ƙamshi daga kantin magani.

An ba ta maganin sha da na shafawa, zazzaɓin da ta ɓoye mini ya sauka. Amma ƙurajen sun yi ɓawo sun manne da gashin, magani ba ya isa fata. Likita ta ce sai an aske duka, kuma kar a wuce makon nan. Ta ce saiwoyin suna da rai, yawanci zai dawo, sai dai ƙeyar ce ba za ta yi mana alkawari ba.

Nas ta ɗauko injin aski a take, uwarki ta ja hularta ta ce ba yau ba. Muka hau mota muka kamo hanya. Mun kusa gida ta ce in tsaya mu sayi burodi.

Kar ki ɗora wa kanki. Mu uku muka haɗu muka yi wannan aika-aika, kuma cikinmu ba wanda ya yi don ƙi.

Babanki mai ƙaunarki,
Reino

Tampere, watan Yuni

Baba,

Ina gaishe ku, in har gaisuwata tana da sauran amfani.

Na karanta na sake karantawa. Aikina ke nan fa, Baba, gashi. Kawunan mutanen da ban sani ba suna fita daga hannuna lafiya, na uwata kaɗai na lalata. Na tsorata da abin da ba a tabbatar ba, na jefa ta cikin wanda ya tabbata. Har na zarge ka, ka yafe mini.

Ta jure allura, ta jure amai, ta jira gashin nan wata da watanni, ta fita da shi coci. Ni na raba ta da shi.

Ka mayar da ita wurin nas ɗin gobe a aske, kar a ƙara kwana. Ba zan zo hutun tsakiyar bazara ba. Ba fushi nake ba, idon da zan kalle ta da shi ne ba ni da shi. Ka ce mata aiki ya yi mini yawa.

Outi

Puumala, Laraba

Outi,

Ni ce, Mamanki. Ina gaishe ki. Babanki bai iya ƙarya ba, yana fara cewa "aiki" kunnuwansa suka yi ja, na karɓe takardar.

Ba na zuwa wurin nas. Yarinyar kirki ce, amma hannunta sanyi, kuma ba ta san ni ba. Babanki ya ce zai gwada, na ce ya je ya gwada a kan kwale-kwalensa. Kan nan ba mai aske shi sai ke, kuma likita ta ce kar a wuce makon nan, sai ki yi lissafi.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, ina son gashin nan. Amma ya taɓa tafiya ya dawo, zan sake jiransa, na iya. Rashin zuwanki ne ban iya jira ba.

Akwai bas ran Juma'a da safe. Ki taho da injinki da tawul mai laushi. Ki zo da yunwa kuma, na sa Babanki ya kamo kifi.

Mamanki,
Sirkka